Mutumin da Ya Kira Sunan Ɗan Farinsa

Shekara tara na yi ina muhuti, wato mai taya alƙali duba littattafai da rubuta abin da aka yanke, a soron wani tsohon alƙali a nan ƙasar Dutse. Lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba, mutane ba su gama gane abin da ke fusata su da wanda ba ya fusata su ba. Ni kuwa ina da shekara talatin da 'yan kai, na yi karatun fiƙihu daidai gwargwado, gemu ya fara cika, ina jin babu mahaluƙin da zai yi ƙarya a gabana ban kama shi ba. Wannan ji da kai ne ya kai ni ya baro.

Maigidana alƙali mutum ne mai sanyin hali, ya san littafi kamar yunwar cikinsa. Sai dai farar yana ta riga ta hau masa ido biyun, in mutum ya zauna a gabansa inuwa kawai yake gani. Ba wanda ya san haka sai iyalinsa da ni. Da labari ya kai kunnen Joji, Baturen da ke zagayowa yana duba littattafan shari'a, da tuni an sallame shi, ni ma na bi bayansa, don kowane sabon alƙali da muhutinsa yake zuwa. Saboda haka muka yi wata dabara. In ya gama sauraron mai ƙara da wanda aka yi ƙara, sai ya ce a tashi a yi salla, ni kuma in bi shi ɗakin littattafai da buta a hannu. Can zai tambaye ni me na gani. In gaya masa wane yana ta sosa ƙeya, wane ya ƙi ɗaga kai, wance ta taka ƙafar shaidarta. Shi ya kawo kunne da karatu, ni in kawo ido. Ba na ɓoyewa, abin yana yi mini daɗi ƙwarai, har tafiyata sai da ta sake.

A shekarar da nake magana an tsananta doka a kan duk abin da ya shafi rai. Ba a yarda alƙalin gunduma ya kashe irin wannan magana a soronsa ba. In ya saurara ya ga akwai tuhuma mai ƙarfi, sai ya tura mutum birni, in kuwa ya ga ƙaddara ce tsagwaronta, ya rubuta haka ya sallame shi, amma wuyansa ne a ciki. Ba a yi wata biyar ba da aka tuɓe wani alƙali a maƙwabtanmu don ya sulhunta maganar jini tsakanin dangi, ɗaya daga cikinsu kuma ya je ya kai ƙorafi. Muna jin labarin kowa ya shiga taitayinsa.

Da bazara ne, wata Laraba da hantsi, aka kawo mutumin. Soronmu ƙofa ɗaya gare shi mai fita waje, sai 'yar taga can sama wadda ko kan mage ba zai shiga ba. Ran nan rabin ƙauyensu sun biyo shi, suka toshe ƙofar da jikinsu, iska ta ɗauke. Tawada tana bushewa a bakin alƙalami tun ban kai shi takarda ba.

Manomi ne, ya kai hamsin, doguwar fuska gare shi duk ƙashi. Yana da 'yan itatuwan dabino a bayan gidansa da wata tsohuwar rijiya da ya gada, mai zurfi, gindinta dutse. Ɗansa na fari, saurayi ɗan shekara ashirin ko kusa, ya shiga yasar rijiyar nan kwana huɗu da suka wuce, igiya a ƙugunsa, uban yana riƙe da ita a sama. Igiyar ta kuɓuce tun bai kai rabi ba. Gawarsa aka fito da ita.

Wanda ya kawo ƙara kawun saurayin ne, ƙanin mahaifiyarsa, ita ta daɗe da rasuwa. Bai yi hayaniya ba, a tsanake ya jero maganarsa, abin da ya sa ta ƙara nauyi ke nan. Ya ce yaron ya ƙudura zai tafi aikin hanyar jirgin ƙasa tare da wasu samari, uban ya hana, har aka ji su suna sa-in-sa, abin da ba a taɓa ji ba a gidan. Mata biyu masu dawowa daga itace sun ji uban ya ce in dai da ransa yaron ba zai bar garin nan da ƙafarsa ba. An kawo mijin ɗayarsu da wani maƙwabci, suka ce su ma sun jiyo ta kan danga. Sannan kawun ya kawo abin da kowa a soron ya san amsarsa: yasar rijiya mai zurfi ba aikin mutum biyu ba ne. Ana kiran ƙarti uku ko huɗu su riƙe igiya, a naɗa ta a jikin gungume, a yi musu fura. Shi wannan bai kira kowa ba, ya bari sai da gari ya watse zuwa kasuwar Kiyawa, sannan ya ce wa yaron ya shiga. Kawun ya ƙare da cewa in ba a yi masa adalci a nan ba, ya san ranar da Joji ke sauka a bariki.

Alƙali ya juya wajen da yake jin numfashin mutumin, ya ce masa ya faɗi nasa.

Da farko a hankali ya fara, kansa a ƙasa, hannayensa naɗe da tsumma a kan cinya. Bai musa komai ba. Ya ce ya faɗi waccan magana, kuma shi ne ya zaɓi ranar kasuwa. Alƙali ya tambaye shi dalili.

"Allah gafarta Malam, ban san yadda ake yi masa magana ba," in ji shi. "Tun da aka haife shi ban taɓa zama da shi mu biyu ba. In zan aike shi, ta bakin wani nake aikensa. So nake in ce masa ya yafe mini abin da na faɗa, ya bari a yi damina ɗaya tukuna. To a ina zan faɗa masa, gaban mutane? Shi ne na ce rijiya tana son yasa. Na ce in yana ƙasa ina sama ba ya ganin fuskata, sai in faɗa."

Ya ce igiyar kaba ce tsohuwa, ta sha rana ta yi santsi, yaron kuma ya fi yadda ya zata nauyi, bai san ya girma haka ba. Ya ce ya fara maganar ke nan, bai kai ga yafewar ba, ƙafar yaron ta zame daga jikin rijiyar, nauyinsa duka ya dawo kan igiya. Sai kuka ya ƙwace masa. Ba irin hawayen da namiji ke sharewa da bakin riga ba, kuka ne da baki buɗe, majina da yawu suna zuba a gemunsa. Ya kifa goshinsa a ƙasa, ya ɗago, ya sake kifawa. A cikin haka ya kira sunan yaron. Sunansa na yanka, ba sakaye, ba "yaron nan" ba, ba "mai sunan wane" ba. Sau uku ya kira shi, da ƙarfi, kamar mai leƙa rijiya yana jiran a amsa.

Wani dattijo a bakin ƙofa ya yi a'uziyya, ya tattara rigarsa ya fita. Saura suka sunkuyar da kai don kunya, ba don tausayi ba.

Yaran yanzu ba za su gane nauyin abin ba, sai an yi musu bayani. A zamaninmu mutum ba ya faɗin sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya yabonsa, ba ya nuna ya damu da shi. In ɗan ya rasu ma, uba mai mutunci zama yake a zaure ya karɓi gaisuwa fuska a bushe, kamar ɗan maƙwabci aka yi wa rasuwa. Ni kaina ɗan fari ne. Har mahaifina ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, kuma ban taɓa shakkar yana sona ba, a wurina rashin faɗin ma shi ne shaidar. Lokacin nan ina da nawa ɗan farin, ɗan shekara bakwai, yana hannun mahaifiyata, "na wajen Inna" nake ce masa. To mutumin da zai tsaya gaban alƙali da dattawan garinsu ya kwarara sunan ɗan farinsa sau uku, a ganina ɗayan biyu ne: ko ba shi da kunya tun asali, wanda ba shi da kunya kuwa ba abin da ba zai aikata ba, ko kuwa ya shirya abin tun daga gida don ya karya mana zuciya. Haushinsa na ji, har cikin raina.

Abu biyu na gani a lokacin da yake wannan kuka, kuma har yau ina ganinsu. Na farko, da ya ɗaga hannu zai dafe kai, tsumman hannun damansa ya warware. Tafin babu fata, jan nama ne tun daga gindin yatsu har wuyan hannu, an shafe shi da man kaɗanya. Na biyu, a tsakiyar kukan, bayan kira na biyu, ya ɗago ido ya saci kallon fuskar alƙali. Kallo ɗaya, na ƙiftawar ido, irin na mai son ya ga inda maganarsa ta faɗa. Ina ganin haka na ce a raina, na kama ka.

Alƙali ya ce a tashi a yi azahar. Na ɗauki buta na bi shi.

Ɗakin littattafan ya fi soron matsi, mutum biyu in sun zauna gwiwoyinsu sai sun haɗu. Ya zauna yana shafa carbi ba tare da ya ja ba. Sannan ya ce shi abin da kunnensa ya ji ya tsorata shi, a shekarunsa na shari'a ya ji kuka iri-iri, bai taɓa jin irin wannan ba, kuma bai san ko rashin taɓa jin nasa yana nufin gaskiya ne ko gwaninta ba. Ya tambaye ni me na gani.

Na gaya masa kallon. Na ƙawata shi ma, na ce mai baƙin ciki na gaske ba ya sanin akwai mutane a wurin, balle ya leƙa fuskar alƙali. Na tuna masa sunan da aka kira. Na ce duk dattawan garinsu sun ji kunya, ba wanda ya yi ƙwalla.

"Hannunsa fa?" ya ce. "Tun da ya shigo nake jin warin man kaɗanya."

A nan ne na tsaya. Na san halin maigidana. In na ce masa tafin mutumin nan ya saɓule, zai ce wanda ya saki igiya da gangan ba ya ƙona hannunsa, ya rubuta ƙaddara ya sallame shi. Kawun kuma zai tafi bariki. Joji zai zo ya zauna a soron nan ya sa a karanta masa komai, ya miƙa wa alƙali takarda ya ce ya duba, shi ke nan asiri ya tonu. Na kuma gaya wa kaina cewa hannu ba hujja ba ne: mutum na iya saki, sannan ya yi nadama ya cafko bayan aikin gama ya gama. Wannan ma gaskiya ne, har gobe ban iya rushe shi ba. Ga zafi, ga jama'a suna jira a waje, ga tsoho ya juyo da fararen idanunsa yana jiran bakina. Na ji kamar bangon ɗakin ya matso.

Na ce, "A naɗe suke da tsumma, Allah gafarta Malam. Allah kaɗai ya san abin da ke ciki."

Ya yi ajiyar zuciya, ya ce to, kai ne mai ido.

Bayan salla ya sanar cewa akwai tuhuma, magana ta fi ƙarfin soronsa, za a tura mutumin birni. Ni na rubuta takardar da hannuna, ya buga hatimi. Na zata mutumin zai sake fashewa da kuka, har na shirya raini a fuskata. Bai yi ba. Da aka tashe shi, roƙo ɗaya ya yi, ya ce a taimaka a rufe bakin rijiyar da itace, akwai ƙananan yaran maƙwabta masu zuwa tsintar dabino.

A bakin ƙofa dogarin hakimi ya zo zai ɗaure masa hannu kamar yadda aka saba. Ya kama tsumman, ya duba, ya saki da sauri. Dogarin nan ba ya iya magana a hankali ko a masallaci. Ya ce wa dogarin da ke tare da shi hannun nan ba wurin ɗauri, duk nama ne, sai dai a sa masa a ƙugu. Haka aka yi, aka zarga masa igiya a ƙugu aka ja shi suka kama hanyar Kano.

Alƙali ya ji. Ina zaune a damansa, na ga ya juyo da fuskarsa wajena a hankali, ya bar ta a nan. Bai ce komai ba, ran nan ko bayan ran nan. Yana iya sa a dawo da mutumin, ba su wuce tsamiyar bakin gari ba. Ni ma ina iya buɗe baki. Amma hatimi ya riga ya hau takarda gaban jama'a, kawun yana tsaye, kowannenmu kuma ya san abin da ɗan'uwansa ke ɓoyewa. Muka ci gaba da aiki tare shekara uku bayan haka. Yana ce mini in ɗauko buta, yana tambayata me na gani, sai dai bai ƙara cewa ni ne mai ido ba.

Da kaka labari ya zo cewa mutumin ya rasu a tsare, ciwon ciki ya kama shi tun ba a ƙare shari'arsa ba. Na ce Allah ya jiƙan Musulmi, na ci gaba da fiƙe alƙalamina. In abin ya taso mini, sai in tuno kallon nan da ya yi wa alƙali, in ji hankalina ya kwanta. Shekara goma sha biyar kallon nan yana yi mini wannan aiki.

Na bar aikin shari'a bayan rasuwar maigidana, na koma gida ina noma ina ba da karatu a zaure. Na wajen Inna ya girma, ya yi aure, yana zaune a sashen da na yanka masa a bayan gida. Yaro ne mai yawan dariya, in ya shigo zaure ya gan ni sai ya haɗiye ta, ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon littafi. Wata bazara sanƙarau ya shigo gari, ya kama shi ran Lahadi. Kwana uku yana kwance ban taka ƙofar ɗakinsa ba. Ina zaure, ƙanina ne ke shiga ya fito ya ce da sauƙi, ko ya ce sai addu'a, ni kuma in ce Allah ya sawwaƙe, in juya shafi. Mutane suna yaba haƙurina, ina jinsu. Ran Laraba da safe ya cika.

Na karɓi gaisuwa yadda ya kamata. Na bi gawa har maƙabarta, ina tafe daidai, ba wanda ya riƙe ni. Aka sa shi a kabari, aka fara jera itace a kansa. Ina tsaye a baki ina kallon likkafanin yana ɓacewa ɗan kaɗan ɗan kaɗan, sai na lura da tsawonsa, ya cika ramin daga kai har ƙafa. Ban san ya girma haka ba.

Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. Na dai ji wata murya tana kiran sunansa, sunan da ni na raɗa masa a kunne ranar suna ban ƙara furtawa ba shekara ashirin da biyu. Muryar ba ta yi kama da tawa ba, amma na san ta, na taɓa jinta a wani soro mai ƙofa ɗaya. Na kira, na sake kira, yawu yana zuba a gemuna. Masu jera itace suka tsaya. Jama'a suka sunkuyar da kai, na ji wani a bayana yana a'uziyya a hankali.

A tsakiyar kukan nan, zuciyata tana tsagewa, ba abin da nake so a duniya sai yaron ya amsa, na ɗago ido na saci kallon fuskar liman. Ba shiri na yi ba, ba kuma wani abu nake nema a wurinsa ba. Kunya ce ta kama ni, ina so in ga iyakar zubewar da na yi a idon mutane. Kallo ɗaya ne, na ƙiftawar ido.

Liman ya kawar da kai, ya ce a ci gaba da jera itace.